Tanon Suyar Gyaɗar Inna

Yayana ne ya yanka mini wa'adi, ta waya kuma, daga Yamai, yana zaune cikin bironsa, ofishin nan mai sanyi. Ya ce in babbar Salla ta zo ya iske Inna tsugune bisa kasko cikin hayaƙi, to da ita zai koma, ko tana so ko ba ta so. Har ya sa an share mata ɗaki. Na ce masa uwarmu ba buhun albasa ba ce da za a loda a mota. Ya ce lokotoron asibiti ne ya yi magana, ba shi ba, in ina da ja in je in ja da lokotoro. Ya kashe waya ya bar ni ina zagaye rumfa ina huci.

Abin haushin shi ne yana da gaskiya. A gabana lokotoron ya faɗa, a asibitinmu na Gaya. Ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya tambaye ta tun yaushe take suyar gyaɗa, ta nuna ni da baki ta ce tun kafin a haifi wannan. Ya ce huhunta ya sha hayaƙin da ya ishe shi, in ta ci gaba da duƙawa bisa wuta ba za a kwashe lafiya ba. Inna ta yi masa godiya har da addu'a. Muna fita ƙofar asibiti ta ce in bi da ita kasuwa, an ce gyaɗar mutanen Yelu ta shigo.

Da kaskon nan ta rene mu bayan rasuwar babanmu. Matan da ke yin mai da ƙuli-ƙuli a unguwarmu ba sa suyarsu da kansu, wurinta suke kawowa, domin suyarta ba ta ƙonewa, ba ta kuma fita da ɗanyen ciki. Daga garin Bana ana kawo mata, har daga ƙetaren gada, Malanbil. Da hantsi tsakar gidan nan cike yake da mata, wannan na Hausa, waccan na Dandanci, ana gulma ana sasanta rigima, ita kuma tana tsakiya da doguwar muciya. Yashin gulbi take fara zubawa a kasko, tankaɗaɗɗe, sai ya yi zafi ta juye gyaɗa a kai ta yi ta juyawa. Idonta na ruwa, tana tari, tana ba da umarni.

Ni kuwa gyaran injin ban ruwa nake yi, motopom na masu shinkafa, a wata rumfa bakin hanyar da kamiyo, manyan motocin kaya, ke bi zuwa gada. Ni ne auta, kuma ni kaɗai na rage mata a garin. Na san gidan yayana: katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Na san in aka kai ta can zama za ta yi ta zuba wa bango ido. Amma kada in ɓoye, ba don ita kaɗai ba ne. Ni ne ba na so ta tafi. Da matata da ƴaƴana, da gemuna, in na tuna gidan nan babu ita sai in koma kamar yaro ƙarami.

A Kamba na taɓa ganin dabarar, ran da na je sayen kayan gyara. Tano ne, gangar ƙarfe mai kauri, an kwantar da shi bisa murhu, an soke shi da sandar ƙarfe daga wannan kai zuwa wancan, ana juya shi da mariƙi. Na ce wannan ai ba ta fi ƙarfina ba. Na samo tano, na yanka masa ƴar ƙofa, na yi mariƙin da tsawo don mai juyi ya zauna nesa da wuta. Na gina murhu na laka, na kafa masa bututu da zai ɗauki hayaƙi ya haye katanga da shi. Duk wannan bai ba ni wahala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne mazaunin sandar, wurare biyun nan da take zaune tana juyawa, dab da wuta.

Da fari rulma na sa, irin ta motopom, mai ƴan ƙwallaye a ciki, na cika ta da giris. Mun soya tiya ta farko ina ta washe baki. Kafin ta biyu ta soyu giris ya narke yana ɗiga, ya kama wuta, rulma ta bushe ta shiga kuka, ta yi shuɗi, ta cije. Tano ya tsaya cak da gyaɗar mutane a ciki. Kafin in fitar da ita ta ƙasa ta zama gawayi. Inna ta dubi gyaɗar ta dube ni.

"Auta, in ka gama wasan a miƙo mini kaskona."

Na miƙa mata kaskonta. Na kwance rulmar da tsumma na wuce rumfa.

Na gane cewa duk abin da ke son mai ba zai zauna kusa da wutar nan ba. Sai dai zobe kawai, ƙarfe zalla, sanda ta juya cikinsa. To wane ƙarfe? Wani abokina mai injin sassaƙar ƙarfe ya yi mini na farko da tagulla, na tsaya a kansa na ce ya matse shi sosai, don ni a aikina ban yarda da abu mai girgiɗi ba. Ya ce in bar masa ɗan sarari. Na ce shi da ni wa ke gyaran inji? Ya yi yadda na ce. Da sanyi zoben ya juya lafiya lau, da wuta ta kama ƙarfe ya kumbura ya riƙe sanda gam, sai da guduma na raba su. Na koma wurinsa, ya hau dariya har yana riƙe ciki.

Daga nan na ce ba zan sake ƙona gyaɗar kowa ba, gwaji zai koma rumfata. Na yanko guntun sanda irin ta tanon, na ɗora shi bisa ƙafafu biyu, na sa furno, ɗan murhun gawayi, a ƙarƙashi, na rataya masa dutse don ya ji nauyi kamar na gyaɗa. Injin wani manomi da ya kawo gyara na ɗaura masa da igiyar roba yana juya shi. A ƙasan zoben na ajiye farin faranti, duk abin da ƙarfe ya ci na ɗan uwansa a nan zai zuba in gani. In na kashe inji sai in cusa reza tsakanin zobe da sanda in ji ko sarari ya ƙaru.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zoben alminiyo, wanda masu zubin tukwane suka yi mini, bai kai ko'ina ba, ya yi laushi ya manne wa sanda kamar ƙanzo. Na tagulla, da aka narka da tsofaffin kawunan famfo, ya yi ƙoƙari, amma da zafi ya kai masa iya wuya ya fara ƙara, faranti ya cika da gari mai ruwan zinariya. Wani tsoho mai kwale-kwale ya ce in gwada icen ƙirya, ai da shi ake yin turmi. Na gwada don kada ya ce na raina shi, ya turnuƙe mini rumfa da hayaƙi. Wanda ya ba ni mamaki shi ne font, baƙin ƙarfen zubi, da muka yanko daga cikin tsohon injin kamiyo. Shi da ya sha zafi da juyi sai cikinsa ya yi santsi yana ƙyalli, farantin kuma kusan fes. Abokina ya ce in fasa mataccen pil, batirin rediyo, in daka baƙin sandan da ke tsakiyarsa in barbaɗa, wannan baƙin wuta ba ta narka shi. Na barbaɗa, sanda ta koma juyawa shiru.

A kwanakin nan ban zama mutum ba. Gida gida nake bi ina roƙon matattun pil, har aka fara cewa ko wani magani nake haɗawa. Abinci a tsaye nake cin sa. In na tayar da salla sai in ji kunnena na can wurin inji, ina sauraron ko ƙara ta canza, Allah ya yafe mana. Masu shinkafa suna zuwa suna komawa, injinansu a kwance, mai injin da na ɗaura wa sandar gwaji kuwa ya zo ya iske nasa na aiki a rumfata alhali gonarsa na bushewa. Ya faɗa mini maganganu, na haɗiye, don ya fi ni gaskiya. Matata ta ce in dai ƙarfen nan na aura in faɗa mata ta san inda dare ya yi mata.

Na kai zoben font gida na ɗaura. Na tsaya a kai aka soya, na sake tsayawa washegari, komai daidai. Inna na zaune bisa kujera nesa da murhu tana juya mariƙi, hayaƙi na bin bututu yana haye katanga. Fuskarta ba yabo ba fallasa. Na koma bakin aikina da sanyin zuciya.

Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba aka aiko in zo, tano na rawa. Na iske zoben ya zama kwararo, reza uku na shiga a tare, sandar kanta ta yi zane-zane kamar an bi ta da zarto. Na sa wani. Shi ma haka. Ga ɗan uwansu a rumfa, ƙarfe ɗaya, hannu ɗaya ya sassaƙa su, yana ta juyawa bisa wuta ko gezau. Na rasa inda zan sa kaina. Na zargi abokina da canza mini ƙarfe, muka yi cacar baki har muka daina gaisawa. Na ƙetare gada na bi masu tsofaffin ƙarafa na Malanbil ɗaya bayan ɗaya, na koma Kamba, na dawo da font kala-kala, duk tano ya cinye su. Ga raguna sun fara cika kasuwa. Yayana kuma ya bugo yana tambaya, "Ina labarin injiniyanmu?" Na ce lafiya lau, na kashe kafin ya ƙara wata.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana da hantsi, ba tare da an aiko ba, na bar rumfa na tafi gida. An gama suyar farko, mata na sheƙe gyaɗa. Na jira ƙarfe ya huce na kwance zoben. Baƙin da ke ciki na lakato na murza a yatsa, na ji wani abu. Na kai haƙori na ɗan tauna, ya yi ƙas-ƙas. Na tofar, na miƙe na zagaya bayan ɗakin girki. Ga kwano babba an kife da faifai. Na ɗaga, yashi ne tankaɗaɗɗe, da sauran ɗuminsa.

Na ɗauko kwanon na dire a gabanta.

"Inna, mene ne wannan?"

"Yo ba ka san yashi ba?"

"A cikin tano kike zuba shi?"

"In ba a ciki ba a ina? Gyaɗa ba yashi, kai ka taɓa jin haka? Ran da kake tsaye ne na ƙyale ka, don na ga ranka na so."

Ashe da na juya baya take zuba shi. Yana bin gefen sanda yana tsiyaya cikin zobe, kowane juyi yana niƙa ƙarfe. Duk yawon da na yi, duk faɗan da na yi da mutane, abin na nan bayan ɗakin girki. Zuciya ta ɗebe ni.

"Yashin nan ne ke cinye mini ƙarfe, Inna."

"To ƙarfenka ne rago. Kaskona shekara da shekaru yana shan yashi bai yi ƙorafi ba."

"Kasko ba ya juyawa."

"Ni ke juyawa," in ji ta. Ta ce ba ta ganin cikin tanon nan, an rufe mata gyaɗa kamar amarya. Da yashi ne take jin inda suya ta kai, don kukansa na canzawa in gyaɗa ta fara sakin mai. In babu shi, me za ta saurara?

Ni a lokacin ban ji wannan ba. Abin da na ji kawai shi ne Salla ta matso, za a ɗauke mini uwa saboda kwanon yashi. Na ɗaga murya a gaban mata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce tano ba ya bukatar yashi, ba ya bukatar kunne, juyin da yake yi shi ke hana ƙuna, kuma yanzu zan nuna. Na wanke tanon tas, na ɗaura sabon zobe da ke aljihuna, na barbaɗa baƙin pil. Cikin matan akwai wata maƙwabciyarmu da duk unguwa ta san ko ruwan zafi ta ɗora sai ya kama. Ita na kira da gangan na ba ta mariƙi. Na ce ta juya a hankali kada ta tsaya, in ta ga tururin da ke fita ta ƴar ƙofa ya ragu ta ɗebo kaɗan a duba.

Gyaɗar ta fito ja jawur, kai ɗaya, ba ƙonanniya ko guda. Mata suka hau dariya suna tsokanar maƙwabciyar, wata har da guɗa. Aka miƙa wa Inna. Ta murza a tafin hannu, ta hure ɓawon, ta tauna a hankali.

"Ta yi," ta ce. Ta sa aka zubar da yashin a bakin ƙofa inda ruwa ke kwanciya.

Daga ranar zobe bai sake ciwo ba. Ina zuwa ina cusa reza, ba ta shiga. Na je na ba abokina haƙuri, ya ce dama ya san haukata ba ta wuce kwana biyu. Tarin Inna ya ɗan lafa, tana barci. Mata na nan suna zuwa, har sun ƙaru. Sai dai yanzu in sun gaishe ta sai su ce, "Inna, ki huta," kowace ta kama mariƙi ta soya abinta, ta ajiye ladan tano a kwano ta tafi. Hirar ma ta koma can gindin murhu. Na sha iske ta bisa tabarma a inuwar ɗaki, hannuwa bisa cinya, tana kallonsu. Na ɗauka hutun ne ke mata daɗi, na yi ta jin kaina.

Yayana ya iso ana jibi Salla. Ko ruwa ban bari ya sha ba na ja shi wurin tano. Ya zagaya shi, ya duba bututu, ya juya mariƙi da kansa, ya sa kunne bai ji ƙara ba. Ya tsaya inda mai juyi ke zama ya shaƙi iska. Shi ba mai yabo ba ne, amma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, auta, ashe kan nan ba na faɗa kaɗai ba ne." Bayan an ci naman Salla, muna zaune mu uku a ƙofar ɗakinta, ya gyara murya ya ce tunda hayaƙi ya kau, shi ya janye maganarsa, Inna ta yi zamanta a gidanta. Na ji kamar in tashi in taka rawa. Na dube ta ina jiran ta yi murmushi.

Ta ce, "Da kai za ni. Na riga na ɗaure kayana."

Na ɗauka wasa take yi. Na leƙa ɗakin, ga akwati, ga ƙullin zannuwa, an naɗe tabarmar salla an ɗora a kai.

"Inna, don ki zauna fa na yi duk wannan."

"Na sani, Auta. Allah ya yi maka albarka, ka wahala." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Amma abin nan ko da ni ko ba ni zai soyu. In zauna in yi me, gadin tano?"

Na yi magana, na yi magiya, har na ce zan farfasa shi da guduma a dawo da kasko. Ta ce in farfasa abin da matan unguwa ke ci da shi don me, kuma ƙirjinta ai bai warke ba. Yayana ya sunkuyar da kai, shi ma bai ji daɗi ba, don ba haka ya so ya yi nasara ba. Har yau in aka tayar da zancen ina cewa ban ga inda na kuskure ba. Hayaƙi na kashe ta, na kawar da hayaƙi. Yashi na cin zobe, na hana yashi. A nuna mini inda zan tsaya ban tsaya ba.

Ran tafiya ni na kai akwatinta mota, ban bar kowa ya taɓa ba. Ta shiga ta zauna, ta yi wa jikokinta addu'a ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya riƙe da ƙofar motar na kasa rufewa. Ta ciro makullin gida daga bakin zanenta ta sa mini a hannu.

"Je ka buɗe musu, suna can suna jira da gyaɗarsu."

Na je na buɗe. Suka shiga suka hura wuta, ɗaya ta kama mariƙi. Na tsaya a zaure ina saurare, ko zoben zai yi ƙara in samu abin kwancewa. Bai yi ba. Ban taɓa tsanar aikin hannuna ba sai ran nan.